Ruwa a Ƙarshen Lissafi: Wahalar Jan Famfo a Gidajen da Masu Su Ke Ginawa da Kansu a Dutsi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abin da magidanci ke fuskanta a Dutsi da kewayenta idan ya gina gidansa da kansa, kaɗan-kaɗan gwargwadon samu, har ya kai ga shigar da ruwa cikin gidan da fitar da wanda aka ɓata. Ta bi hanyar ruwan tun daga tushensa, zuwa tanki, zuwa cikin bango, har ramin da yake ƙarewa. Ra'ayin mai takardar shi ne tun ranar da aka ja igiyar harsashi ake yin yawancin asarar, domin ana aro tsarin gidan birni ba tare da an tambayi ruwan da zai ciyar da shi ba.

Gabatarwa

Wanda ya baro titin Katsina zuwa Daura a Shargalle, ya nufi Dutsi, idan ya sa ido a kan sababbin gidajen bulo da ke fitowa a bakin gari zai ga wata alama tana maimaita kanta. Bango sabo fil, an yi masa filasta, wani har da fenti, amma ga dogon tabo ya taso daga gindinsa ya haye kusa da taga, an toshe shi da siminti mai wani launi dabam. Nan ne aka sassaƙe aka cusa bututu bayan an gama gini. Wani tabon ya bushe lafiya. Wani kuwa gefensa ya yi duhu da laima, fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito.

Dutsi ƙaramar hukuma ce a shiyyar Daura ta Jihar Katsina. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 283 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum kimanin dubu 120. Kusan duk gidan da ke cikinta mai shi ne ya tsaya a kansa har ya tashi. Babu kamfanin gine-gine, babu bashin banki na gina gida. Manomi ya sayar da gero da wake da kaka ya buga bulo ɗari biyar. Malamin firamare ya kwashi adashi ya sayi kwano. Ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal ya turo kuɗi, ƙanensa ya tsaya a kan magina, shi kuma yana bin aikin ta waya. A haka gida ke ɗaukar shekaru, kuma jerin aikin sananne ne: katanga, ɗakuna, linta, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta, daɓe. Idan aka ambaci famfo, amsar ita ce a bari sai an tare, in Allah Ya hore.

Wannan hanyar gini ba abin raini ba ce. Ita ta ba talaka muhalli ba tare da ya ci bashi ba, kuma ita za ta ci gaba da ba shi. Sai dai aikin ruwa bai yarda da jira ba kamar yadda fenti ko silin suka yarda. Rabinsa yana ƙarƙashin daɓe ne, sauran rabin yana cikin bango.

Gidan gado da gidan aro

Tsohon gidan Bahaushe ya san ruwa sarai, kuma ya ba shi matsayinsa. Ruwa yana shigowa a tulu ko garwa, ya zauna a randa a inuwa, a ɗebe shi da moɗa. Makewayi yana can ƙuryar gida, nesa da ɗakin kwana da madafi. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi rariya ya fita. Na sama kuwa indararo ne ke jefa shi nesa da gindin bango, saboda magini ya san babu maƙiyin ginin ƙasa kamar laima. Kaɗan ke shiga, kaɗan ke fita, kuma duk hanyarsa a fili take, ido yana gani. In rariya ta toshe, yaro ma zai zura kara ya buɗe ta.

Gidan da ake ginawa yau a Dutsi an gano shi ne a Katsina, ko Kano, ko Abuja. Falo, ɗakin maigida da banɗakinsa a ciki, ɗakin kowace mata da nata, tayil har bango, shawa, da masai na zama mai tankin kora. Tsarin yana da daɗi, kuma babu wanda zai ce mutumin Dutsi bai cancanci jin daɗi ba. Amma an zana irin wannan gida ne bisa zaton abu biyu: akwai babban bututun hukuma a bakin ƙofa mai ruwa dare da rana, akwai kuma babbar magudana a ƙarƙashin titi da za ta kwashe ƙazanta. A tsakiyar Abuja akwai irin wannan magudana, tana kai ƙazanta matatar Wupa. Ko a Kano, yawancin gidaje rami suke haƙawa. A Dutsi kuwa magidanci shi ne hukumar ruwa ta kansa, shi ne kuma hukumar kwashe ƙazanta, alhali albashinsa ko amfanin gonarsa bai ƙaru ba.

Daga ina ruwan zai zo

Labarin da ƙasar Daura ta fi shahara da shi labarin ruwa ne. Rijiyar Kusugu tana nan har yau, kuma abin da aka gada a baka shi ne mutanen gari ba sa samun ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe macijin da ya tsare ta. Ko me masana tarihi za su ce a kan labarin, ya nuna irin darajar da ruwa ke da ita a wannan yanki tun fil azal. Damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yana kai-komo ne a wajen milimita 600 zuwa 700. Sauran watannin sai abin da ƙasa ta adana.

An yi ƙoƙarin hukuma. Akwai madatsar ruwa ta Sabke, kuma aikin ruwan Sabke da Dutsi da Mashi yana cikin ayyukan da Gwamnatin Tarayya ta lissafa cewa ta kammala a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Akwai Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina, akwai kuma RUWASSA mai kula da ruwan karkara. Amma sabon gida yawanci a bayan gari yake, a filin da jiya gona ne, inda bututun hukuma bai kai ba. Inda ya kai ma, famfon da ke zuwa yau ya ɗauke gobe yana da illar da ba a cika lura da ita ba. Idan bututu ya zama fanko, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage ko aka yi masa mummunan haɗi. In ya ratsa ta kwata, ruwan farko da zai iso gida bayan an dawo da shi yana ɗauke da rabonsa na kwatar.

Mai hali sai ya haƙa rijiyar burtsatse. Mafi yawan ƙasar Katsina tana kan tsohon dutse ne, ruwa kuma yana ɓuya a tsagoginsa da ruɓaɓɓen saman da ke kansa. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu ruwa mai yawa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da busasshen dutse. Wanda ya ƙi biyan kuɗin awon ƙasa kafin a kawo mota, ya sa dukiyarsa a caca. In an dace da ruwan, saura abin da zai ɗago shi. Wutar lantarki ta KEDCO ba a yi mata alkawari, janareta kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Sola ta kawo sauƙi na gaske, sai dai kuɗinta a dunƙule ake biya, abin da mai gini kaɗan-kaɗan ya fi jin tsoro ke nan.

Saura masu yawa kuwa, 'yan garuwa ne hukumar ruwansu. A nan ne lissafi ke fitowa fili. Masai na zama yana shan lita 6 zuwa 9 a kowace kora, tsofaffin samfura ma sun fi haka. A ɗauki gida mai mutum goma, kowa ya shiga sau huɗu a yini. Kora arba'in ke nan, lita 360 idan tankin mai lita 9 ne, wato sama da jarka 14 mai lita 25, kafin a yi maganar sha da girki da wanka da alwala. Masai na tsuguno wanda ake kora wa da bokiti ko buta yana wadatuwa da lita 2 zuwa 3, wato lita 80 zuwa 120 a yini ga wannan gida ɗaya. Abin da ke biyo baya sananne ne. Bayan wata biyu da tarewa maigida ya ga kuɗin ruwa ya fi ƙarfinsa, sai a kulle banɗakunan ciki ko a mayar da su ɗakin ajiya, a koma haƙa masai a ƙuryar gida. Kuɗin tayil da kwanon masai da bututu sun tafi ke nan. Banɗakin da aka daina amfani da shi kuma ba ya zama shiru: ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututunsa, wanda shi ne ke tare wari, yakan ƙafe da zafin bazara, sai warin rami da kyankyasai su samu hanya har ɗakin kwana.

Mai wannan takarda yana ganin a gidan da ba shi da tabbataccen ruwa, banɗaki ɗaya ko biyu na tsuguno, masu kyau, manne da juna a gefen tsakar gida, sun fi huɗu na zama da aka warwatsa cikin ɗakuna. Sun fi dacewa da tsarki da buta ma. Tsoho ko majinyaci da tsuguno ke wahalar da shi, shi ne za a ware wa na zama.

Akwai kuma ruwan da ake bari yana zuba a banza. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan ruwan shekara ya kai milimita 600, lita 60,000 ke sauka a kansa. Ba duka za a iya tarawa ba, amma ko kashi ɗaya cikin biyar aka kama, ya rage wa gida sayen ruwa na makonni. Abin da ake buƙata maƙwararar kwano ce a bakin rufi da wurin da tanki zai zauna, a kuma bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce.

Tanki da nauyinsa

Ruwa ba ya hawa da kansa, saboda haka duk ƙarfin famfon gida daga tsawon tanki yake zuwa. Sai tanki ya yi sama da mita 10 kafin ya ba da matsi na "bar" ɗaya, wanda shi ne ma'aunin da masu sana'ar ke amfani da shi. Tankin da aka ɗora a kan 'yan bulo mita biyu daga ƙasa yana kusan daidai da kan shawa ne, don haka ruwa zai riƙa ɗiga kawai. Sai a zagi mai aikin famfo, alhali laifin na tsawo ne.

In an tashi ɗaga shi kuma, sai a manta da nauyi. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cur. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika ya kai nauyin buhun siminti 40. Ana ɗora irin wannan a kan ginshiƙin bulo marar rodi, ko a kan siririn ƙarfen da mai walda ya haɗa da ido, ƙafafunsa a cikin yashi, a tsakar gidan da yara ke wasa. Iskar farkon damina a wannan yanki tana yaye rufin kwano, balle dogon ƙarfe mai tan biyu a kansa. Wannan wuri ne da bai kamata a nemi sauƙi ba ko kaɗan.

Cikin bango da ƙarƙashin daɓe

Bututun da ke fitar da bahaya mai inci 4 ne, kuma dole ya gangara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ɗaya cikin arba'in: duk tafiyar mita ɗaya ya sauka santimita biyu da rabi. Idan ramin yana nesa da banɗaki da mita 10, ana buƙatar saukar santimita 25. Gangaren da bai kai ba yana sa ƙazanta ta kwanta ta toshe. Abin da wannan ke nufi shi ne tsawon daɓen banɗaki da wurin rami dole a yanke su tare, tun kafin a cika harsashi da ƙasa. Gidan da aka riga aka yi wa daɓe daidai da tsakar gida, sa'annan aka kira mai famfo, zaɓi biyu ya rage masa: a fasa daɓen a huda harsashi, ko a ɗaga banɗakin ya zama sai an taka matakala. Dukansu ana ganinsu.

Hudar harsashi ita ce mafi muni. Da an sa guntun bututu mai faɗi a cikin harsashin ranar da ake gina shi, a toshe bakinsa da tsumma a bar shi ko shekara nawa ne, da kuɗin bai wuce na abincin leburori na yini ɗaya ba. Bayan gini ya tashi, sai guduma da kurfi, a daidai wurin da ke ɗauke da nauyin ɗaki. Haka bango. Bulo mai inci 6 rami ne a cikinsa, kuma wanda ake bugawa a rage siminti, hannu ma yana marmasa shi. In aka sassaƙe shi a tsaye daga ƙasa zuwa sama don a ɓoye bututu, an raba bangon biyu. Tsagar da ke bayyana bayan damina biyu ba daga sama ta faɗo ba.

Kayan aikin ma suna da halinsu. Bututun ƙarfe da aka sani a da yana tsatsa daga ciki har ya toshe. Na roba irin PVC ya fi araha, amma rana maƙiyiyarsa ce: wanda aka bari a fili a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 yakan ƙone ya yi gautsi, jaki ko akuya ta taka shi ya fashe. Ruwan zafi ma yana lanƙwasa shi, don haka inda za a sa hita sai irin PPR, wanda ake narka bakinsa da na'ura a haɗa. Na'urar tana son wuta, kuma in aka wuce da narkawar sai robar ta tattaru a ciki ta rage hanyar ruwa, ba wanda zai gani daga waje. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: maimakon a sayi mahaɗi, sai a gasa bakin bututu da wutar kwali a cusa wani a ciki. Ranar da aka yi, ba ya yoyo. Bayan shekara, a cikin bango, ƙarƙashin tayil, sai ya fara.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci. Kafin a yi filasta, a toshe duk bakunan bututu, a cika su da ruwa daga tanki, a bar su kwana ɗaya cur, a zo a shafa kowane haɗi da hannu. Sa'annan maigida ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa, domin ranar da kafinta zai buga ƙusa ya san inda bututu ya bi. Kowane reshe ya samu makullinsa, yadda in famfon madafi ya lalace ba sai an hana duk gida ruwa ba. Duk inda bututun ƙazanta ya karya kwana a waje, a gina masa ƙaramin akwati mai murfi, a kuma ɗaga bututun iska ya wuce rufi. Bishiyar bedi, wadda ke ba kusan kowane gida inuwa a ƙasar Katsina, saiwarta tana bin laima har cikin haɗin bututu, saboda haka kada layin ya bi ta gindinta.

Wajen ajiye kwanon masai, mutane da yawa suna so kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Malaman Malikiyya sun sassauta a cikin gini, amma wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da kaucewa yana da haƙƙin a yi masa haka. Shi ma wannan tun a zane ake gyara shi, don bakin bututun da aka binne ba ya juyawa.

Rami da rijiya

Wannan shi ne sashen da ya wuce asarar kuɗi ya taɓa rai.

Abin da ake kira sokawe a bakin mutane, a ƙa'ida abu biyu ne. Na farko rufaffen tanki ne da aka yi wa filasta ciki, mai ɗaki biyu, inda ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. Na biyu shi ne ramin da ruwan da ya taso sama ke tafiya ya tsotse cikin ƙasa. Don a rage kuɗi, abin da aka fi yi shi ne rami guda mai zurfi, a jera bulo da tazara, a rufe da siminti. Kuma ana alfahari da zurfinsa, wai ba zai cika ba har abada. Zurfin nan shi ne haɗarin, domin yana kusantar da ɗanyar ƙazanta ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar da masu aikin tsaftar muhalli ke bi ita ce ramin ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A ƙasa mai tsagaggen dutse ma wannan tazarar ba koyaushe take isa ba, saboda tsaga ba ta tace komai.

To, filin da aka fi yankawa ƙafa 50 ne a kan 100, wato kimanin mita 15 a kan 30. Wani ma rabin haka. Ko mutum ya sa rijiyarsa a ƙofar gida ya kai raminsa can ƙarshen katanga, da ƙyar ya cika tazarar, kuma bayan wannan katangar gidan wani ne, mai yiwuwa nan shi ya haƙa tasa rijiyar. Babu magidancin da zai iya warware wannan shi kaɗai, komai kyawun niyyarsa.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A 1854, a unguwar Soho ta birnin Landan, likita John Snow ya bi diddigin annobar kwalara har zuwa famfon titin Broad, daga baya kuma aka gano wani tsohon ramin ƙazanta dab da rijiyar yana tsiyaya cikinta. Mutum sama da 600 suka mutu. A Nijeriya, annobar amai da gudawa ta 2021 ta kama mutum sama da dubu 100, fiye da 3,000 suka rasu, Katsina kuma tana cikin jihohin da ta yi wa ɓarna. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a Nuwamba 2018, a 2019 kuma aka sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili, har maƙwabciya Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta kai ga haka a 2022. Yunƙurin ya yi amfani, ya sa an haƙa masai da yawa. Tambayar da ke biye da shi ita ce ina aka haƙa su, kuma mene ne a kusa da su.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kula da magudanar ƙazanta da shara. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa da makewayi. Mai takardar nan ba ya kiran a dawo da tara da tsoratarwa. Abin da ake buƙata ya fi haka sauƙi: kafin mutum ya haƙa rami ko rijiya, jami'in lafiyar muhalli da mai unguwa su zo su tsaya tare da shi da maƙwabtansa na kowane ɓangare, a auna da igiya. Mai unguwa ya san rijiyar kowane gida. A sabuwar unguwar da ake yankawa, ana iya yarjejeniya tun farko cewa duk ramuka su koma bayan gidaje, a haƙa burtsatse ɗaya ta haɗin gwiwa a wuri mai nisa da su, a ja bututu. Ya fi kowa ya haƙa tasa araha.

Mai aiki, kaya, da waɗanda ba a tambaya

Mai aikin famfo a ƙaramin gari yawanci a hannun ubangida ya koya, ta kallo da miƙa kaya. Akwai gwanaye a cikinsu ƙwarai. Amma babu takardar da za ta bambance wa maigida gwani da wanda ya yi wata shida ya ɓalle. Ciniki kuma jinga ne, ana ja har sai an kai kuɗin da babu mai yin aikin kirki a kansa, sa'annan a yi mamakin an gasa bututu da kwali. Sau da yawa maigida ne ke sayo kaya da kansa daga Daura ko Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, don gudun kada a cuce shi. Mai shago ya tambaye shi, Alhaji mai kauri ko marar kauri, ya ji bambancin kuɗi ya ɗauki marar kauri, bai san cewa mai kaurin na ruwan matsi ne, marar kaurin kuwa na kwata ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan roba da na tagulla suka yi tsada, jabu kuma ya samu kasuwa. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, amma ba ta tsaye a kan kowane kanti. Manyan makarantun fasaha suna kusa, ga ta Tarayya a Daura ga ta Hassan Usman a Katsina. Kwas na mako biyu da rani ga masu sana'ar da suke aiki yanzu, a kan gangare da matsi da tazarar rami, cikin Hausa, zai gyara gidaje fiye da yadda ake zato.

Sai kuma mata. Su ke girki, su ke wanki, su ke yi wa yara wanka da tsarki, su suka san jarka nawa gida ke sha a yini da inda ruwa ke kwanciya in an yi wanke-wanke. Amma a zaure ake shawarar inda famfo zai zauna, tsakanin maigida da magini. Sakamakon shi ne a sa kwanon wanke-wanke na tsaye a cikin ɗan ƙaramin kicin, alhali uwargida a tsakar gida take girki da itace, a zaune a kan kujera 'yar tsuguno, da tukunyar da ba za ta shiga kwanon ba. Abin da take buƙata kan famfo ne a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, da daɓen siminti mai gangare da hanyar fitar ruwa zuwa nasa ƙaramin ramin, ko zuwa gindin zogale da lemo. In ba a yi ba, ruwan zai bi rariya ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida, maƙwabta su samu abin faɗa. Ga kuma batun gyara: a gidan da ake kulle, mai famfo ba ya shiga sai maigida yana nan. Idan maigidan yana Legas, famfo zai yi ta zuba har ya dawo, sai fa in an sa makullin a inda matar gida za ta kai hannu, an kuma nuna mata shi.

Sai kuma masu yasa. Ramin da aka ce ba zai cika ba yana cika. Ranar da ya cika ake gane an rufe shi ruf da siminti ba a bar murfi ba, ko yana can ƙuryar da tiyon motar zuƙa ba zai kai ba, in ma an samu motar ta taso daga Daura ko Katsina. Sai a nemo masu yasa da hannu, a fasa saman, mutum ya sauka da bokiti cikin iskar da ke iya sumar da shi kafin ya yi kira. Abin da aka kwaso kuma yawanci gona ake kai shi ko bayan gari, ɗanye, wani lokaci ana saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka.